Daga Hatimin Waziri Zuwa Allon Aji: Tarihin Koyar da Gajeren Rubutu a Ƙasar Hausa

A duk sa'ad da muka haɗu a taron wata-wata na ƙungiya, abin da ya fi cin lokacinmu shi ne ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo. Wannan ya karanta babi ɗaya na littafinsa, wancan ya rera baitocinsa, a yi gyara, a yi musu, a watse. Da wuya ka ji wani ya ɗaga hannu ya ce a duba masa takardar cigiya, ko sanarwar ɗaurin aure, ko takardar shaidar bashi. A ganinmu waɗannan aikin akawu ne, ba su kai a kira su rubutu ba. Alhali kuwa mu da muke tsaye gaban allo kullum mun san cewa mafi yawan yaran da ke bi ta hannunmu ba za su taɓa wallafa littafi ba, amma babu ko ɗayansu da zai gama rayuwarsa bai buƙaci rubuta takardar neman aiki, ko ta koke, ko ta cinikin gona ba.

Abin da ya jawo wannan maƙala wani ɗan aiki ne da muka ba 'yan aji biyu na babbar sakandare a zangon karatun da ya wuce. Muka ce su ɗauka ƙanensu ɗan shekara huɗu ya ɓata a kasuwa, su rubuta cigiyar da za a karanta a rediyo, kada ta wuce kalma 40. Da muka zauna gyara sai jikinmu ya yi sanyi. Wani ya cinye kalmominsa duka wajen gaishe da ma'aikatan gidan rediyon da yi musu fatan alheri. Wata ta siffanta yaron da kyau ainun, har launin rigarsa da tabon da ke goshinsa, amma ba ta faɗi inda za a kai shi idan an tsince shi ba. Da yawa ba su ambaci ranar da ya ɓata ba, ballantana sunan kasuwar. Kuma waɗannan yaran su ne za su cika maka shafi uku a kan "Ranar da Ba Zan Manta da Ita Ba" ba tare da sun ɗaga biro ba. Wannan ya sa muka koma baya muna tambaya: da can wa ke koyar da irin wannan rubutu, ta wace hanya, kuma a ina ya suɓuce mana?

Zamanin tawada da alƙalami

Tun kafin zuwan Turawa akwai gajeren rubutu na harkokin yau da kullum a ƙasar nan, sai dai yana hannun malamai ne. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, daula mai faɗin gaske ta kafu, kuma babu yadda za a yi a riƙe ƙasa daga Sakkwato har Adamawa ba tare da takarda ba. Gidan Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ne ya zama matattarar wasiƙun da ke kai da kawowa tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan tuta, kuma kowane babban sarki yana da magatakardansa. Harshen waɗannan wasiƙu Larabci ne. Daga cikin waɗanda suka shahara akwai na muhawarar da aka yi tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno, waɗanda Bello ya kawo cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, da kuma wadda ya ba Clapperton a 1824 ya kai wa Sarkin Ingila. Amma waɗannan manya ne. Mafi yawan abin da ya cika jakar manzanni 'yan gajerun takardu ne: an aiko da dawaki kaza, wane ya gudu da dukiyar wane a tsare shi, ga wane nan tafe a ba shi masauki. Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin irin waɗannan a gidan Waziri Buhari, har wani jami'insu mai suna Backwell ya fassara wasu ya buga a 1927.

Duk wanda ya taɓa ganin hoton ɗaya daga cikin waɗannan takardu zai lura da tsarinta. Hatimi a sama, sai Bisimilla da salati, sai daga wane zuwa ga wane, sai gaisuwa gwargwadon matsayin wanda aka rubuta wa, sai "amma bayan haka", daga nan a faɗi magana cikin layi uku ko huɗu a yi sallama. Akwai dalilin wannan taƙaitawa. Takarda tsada gare ta, domin daga Italiya ake kawo ta, ta bi ta Tarabulus ta ratso hamada a bayan raƙumi, irin mai tambarin jinjirin wata uku ɗin nan. Ga shi kuma manzon da ya ɗauko takardar ba kurma ba ne, abin da ba a so a rubuta yana bakinsa. Wani abin da ya ba masana tarihi wahala daga baya shi ne yawancin wasiƙun ba su ɗauke da kwanan wata, saboda mai aikawa da mai karɓa duk sun san lokacin da suke ciki, manzo kuma zai faɗi ranar da ya taso. Ashe ɗalibanmu da ke manta kwanan wata gado suka yi, sai dai su ba su da manzo.

To, yaya aka koyi wannan fanni? Ta hanyar kwafa da zama kusa da gwani. Almajirin da ya yi nisa a makarantar ilimi, hannunsa kuma ya yi kyau, shi malam kan ce ya ɗauko tawada ya yi masa shifta. A hankali sai ya haddace yadda ake buɗe wa sarki takarda da yadda ake buɗe wa aboki. Har ma an samu wanda ya mayar da abin littafi. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajajen 1858, ya yi zaman Salaga a ƙasar Gwanja, ya rasu a Kete Karachi ta ƙasar Gana ta yau a 1934, mun fi saninsa da waƙoƙi. Amma tun yana saurayi, wajajen 1877, ya tsara wani ɗan littafi da Larabci mai suna Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, wanda ya tattara samfurin wasiƙu domin mai koyo ya duba ya kwaikwaya. Mu lura da gidan da ya fito: gidan fatauci ne, na masu bin hanyar goro. Mutumin da ya taso yana ganin ayari na tashi daga Kano zuwa Gwanja, tafiyar watanni, ya san cewa kalma ɗaya da ta karkace a takarda tana iya cinye jarin mutum ko ta raba zumunci. A iya abin da ya zo hannunmu, wannan ɗan littafi shi ne kakan duk darussan rubutun wasiƙa da muke koyarwa a yau, ko da yake ba mu taɓa jin an ambace shi ba ko sau ɗaya lokacin da muke karatun difloma.

A gefe guda kuma ga ajami, wanda fatake da ƙananan malamai suka riƙa yi wa juna saƙo da shi cikin Hausa. Daga nan ne muka gaji kalaman nan da tsofaffi ba su yarda takarda ta cika sai da su: takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, a ƙarshe kuma haza wasalam.

Zuwan boko

Da Gwamna Lugga ya kafa mulki, sai aka zaɓi a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa a harkar gwamnati. Nan take buƙata ta taso ta mutanen da za su iya cika littafin haraji, su yanka rasit, su rubuta hukuncin kotu. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, babban aikinta ke nan: a koya wa 'ya'yan sarakuna da malamai karatu da rubutun boko da lissafi domin su riƙe ofisoshin En'e. Shi ne kuma ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Daga baya Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ta shiga horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna.

Ba ma yabon manufar, domin akawu Bature yake nema mai arha, ba marubuci ba. Amma gaskiya ɗaya ce, ɗan elemantare na wancan zamani an koya masa gajeren rubutu ba da wasa ba, tunda abincinsa ke nan. Malamin haraji da ya rubuta sule biyar a inda ya kamata ya rubuta sule goma sha biyar, ba jan biro zai gani a littafinsa ba, gaban alƙali zai tsaya. A wannan zamani ne abubuwan da tsohuwar wasiƙa ba ta damu da su ba suka zama dole: adireshi, kwanan wata, kan magana, sa hannu. Manzo ya tafi, gidan waya ya maye gurbinsa, shi kuwa ambulan ba ya magana, saboda haka tilas takarda ta ɗauki nauyin kanta. Ga kuma tangaraho, wanda ake biya kalma-kalma. Babu malamin insha'in da ya taɓa koya wa Bahaushe taƙaita zance kamar yadda tangaraho ya yi. Mutumin da ya saba gaisuwa tun daga kwana har gajiya har iyali, sai ga shi a gaban kanta yana lissafi, a ƙarshe ya aika da kalma huɗu: Baba ba lafiya zo.

Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East, mun fi tuna ta da gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Wannan tarihi kowane ɗan ƙungiya ya haddace shi, ba sai mun maimaita ba. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, a watan Janairu na 1939 da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Malam Abubakar Imam yana editanta, ta buɗe wa talaka wata makaranta da ba ta da bulala, wato filin wasiƙun masu karatu. Mutum yana ƙauyensa zai ga wani irinsa ya rubuta kuka a kan rijiya ko hanya ko tsadar gishiri, an buga da sunansa da garinsu. Sai shi ma ya nemi takarda. Ya kuma gane da kansa cewa wasiƙar da ta yi tsawo ko ta rasa kai da gindi ba ta samun shiga. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa abin ƙarfi, domin dubban samarin Arewa da aka kai Bama tsakanin 1943 da 1945 ba su da hanyar jin gida sai takarda, wanda bai iya ba kuma ya ga amfanin wanda ya iya.

Yaƙi da Jahilci

Idan akwai lokacin da koyar da rubutun yau da kullum ya kai ƙololuwa a Arewa, to shekarun 1950 ne, zamanin Yaƙi da Jahilci, wanda sunan Malam Ahmadu Kumasi ba ya rabuwa da shi. Ajin manya ne, a zaure ko gindin bishiya, bayan an taso daga gona. Magidanci mai mata biyu ba zai zauna ka koya masa siffanta gari a lokacin damina ba. Abin da ya kawo shi a fili yake: ya iya karanta rasit ɗin harajinsa kada a karɓa sau biyu, ya gane abin da ma'auni ya nuna ranar sayar da gyaɗa ko auduga, ya rubuta wa ɗansa da ke Kurmi takarda ba tare da wani ya ji sirrin gidansa ba. Malamin da bai kai shi ga wannan ba, gobe ba zai gan shi ba. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki har 1959, ta yi ta buga ƙananan littattafai masu arha da jaridun larduna domin waɗannan sababbin makaranta: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya, Zumunta a Bauci. Irin wannan yunƙuri ya sake tasowa a Jihar Kano a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, da aka kafa hukumar ilimin manya, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa azuzuwan manya sun ba adabinmu marubuta mata, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tana cikinsu.

Duk da haka jama'a da yawa ba su samu shiga ba, shi ya sa sana'ar rubuta wasiƙa ta daɗe tana ci. Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980 mun riski masu ita a bakin gidan waya da ƙofar kotu, da ɗan teburi da kwalbar tawada, wasu da tafireta. Kai ka faɗi damuwarka, shi ya san yadda zai zuba ta. Har doka Turawa suka yi domin kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa mai rubutawa ya sa sunansa da adireshinsa a jikin takardar, ya kuma karanta wa mai ita abin da ya rubuta kafin a dangwala yatsa. A cikin gida kuwa mu yara mu ne akawuna. Kaka za ta kira ka bayan sallar isha'i, ka yago takarda daga tsakiyar littafinka, ta yi ta jero gaisuwa gida-gida, sai can ƙarshe ta ce ka gaya masa hatsi ya ƙare. Kai kuma da ka rubuta sai ka karanta mata, ta ce a'a, ba haka na ce ba, goge. Ba mu taɓa samun mai gyaran rubutu da ya kai waɗannan tsofaffi tsanani ba, ga shi ko bihim ba su sani ba.

Rediyo ma ya yi nasa. Katin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ɗan fili gare shi, dole ka zaɓi wanda za ka gaisar ka bar wani. Sashen Hausa na BBC, da ya fara a 1957, da sauran tashoshin waje sun saba wa matasa rubuta tambaya guda a fayyace idan suna son a amsa musu. Sai kuma wasiƙar soyayya, wadda babu malamin da ya koyar amma babu ɗalibin da bai ƙware ba, littattafanmu na shekarun 1980 da 1990 kuwa cike suke da ita.

Inda aka yi sake

A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Alheri ne babba, da yawanmu ba don shi ba da ba mu ga aji ba. Amma yara sun yi wa makarantu ambaliya, aka ɗebi malamai da gaggawa, aji ya cika ya batse. Shi kuwa gajeren rubutu ba ya koyuwa sai malami ya duba na kowane yaro ya ce masa, a nan wa kake nufi, wannan kuɗin nawa ne. Malamin da ke da yara fiye da ɗari a gabansa sai ya koma ga abin da zai yiwu: ya rubuta samfuri ɗaya a allo kowa ya kwafe. Kwafa dai ita ce hanyar su Alhaji Umaru, amma su bayan kwafar akwai ranar da za a ce rubuta wa wane, manzo yana jira a zaure. Mu sai muka tsaya a kwafar.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, wadda ta kawo tsarin 6-3-3-4, ta yi magana mai daɗi a kan ilimi mai amfani da kuma koyarwa da harshen uwa a farkon firamare. A manhajar Hausa kuma an jera rubutun wasiƙa da sanarwa da talla da rahoto a ƙarƙashin insha'i. Matsalar ita ce abin da jarrabawa ke tambaya shi malami ke koyarwa, kuma ita jarrabawa, ta WAEC ce ko ta NECO da ta fara a 2000, dogon rubutu take aunawa. A takardar Ingilishi ana neman kalma wajen 450. Yaro ya taso da fahimtar cewa yawan rubutu shi ne iyawa, har ka gan shi yana ƙirga kalmomi da bakin biro yana neman abin da zai cike gurbi. Ita kanta wasiƙar da ake tambaya ta zama gawa: adireshi a dama, kwanan wata a ƙasansa, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya kamar yadda nake a nan, sannan a yi ta zuba har shafi ya cika, zuwa ga wani kawu da babu shi. Laifin ba na masu jarrabawa kaɗai ba ne. Mu ma mun samu sauƙi a ciki, domin gyaran insha'in da aka haddace ya fi gyaran cigiya arba'in daban-daban sauƙi.

Mun ga abin da wannan sakaci ke haifarwa da idonmu. Wani tsohon ɗalibinmu, yaro mai ƙoƙari wanda ya ci Hausa da kyau, shi aka sa ya rubuta takardar cinikin wani yanki na gonar mahaifiyarsa, da yake shi ne mai boko a gidan. Ya rubuta ta da hannu mai kyau, da Bisimilla da gaisuwa da addu'a. Iyaka kuwa ya ce daga kuka zuwa gonar maƙwabci. Bai sa tsawo ko faɗi ba, bai ce kuɗin da aka karɓa duka ne ko kafin alƙalami ba, shaidu kuma ya rubuta "da sauransu". Bayan 'yan shekaru iska ta kayar da kukar, maƙwabcin ya rasu an raba gonarsa, mai saye ya ce shi har bakin rafi ya saya. Da maganar ta je gaban alƙali aka ɗauko takarda, sai ta kasa cewa komai. Matar ta rasa fiye da abin da ta sayar. Ranar da yaron ya zo yana ba mu labari ba mu iya haɗa ido da shi ba, domin shekara uku yana ajinmu, ba mu taɓa nuna masa yadda ake rubuta yarjejeniya ba.

Zamanin salula

Da wayar salula ta shigo a 2001, wasu sun ce rubutu ya mutu. Sai ga shi akasin haka ne ya faru, domin kira tsada gare shi, aka koma ga tes. Saƙo ɗaya harafi 160 ne, wato tangaraho ya dawo ta bayan gida. Sai dai ya dawo ba malami. Tsofaffin wayoyi ba su da ƙ da ɗ da ɓ, ko a wayoyin da suka samu daga baya, sa ɗaya daga cikinsu a tes yakan rage tsawon saƙon zuwa harafi 70. Haka aka saba rubuta kasa a bar mai karatu ya zaɓa ko ƙasa ake nufi, aka haɗe kalmomin da ya kamata a raba, aka gutsure wasula. Daga baya Facebook da WhatsApp suka cire iyakar tsawon, saƙon murya kuma ya dawo mana da manzo, tunda yanzu kaka ba ta buƙatar jika ya yago takarda.

Amma alƙali ba ya karɓar "ai na gaya masa". Fom ɗin neman gurbin karatu, da takardar koke zuwa ga hakimi, da sanarwar jana'iza da za ta zaga gari cikin minti goma, duk suna nan suna jiran wanda zai rubuta su daidai. Sau nawa muka ga sanarwar rasuwa ta yaɗu a waya, da addu'o'i layi goma, amma babu lokacin jana'iza babu unguwa, a yi ta bugo waya gidan makoki ana tambaya?

Tun bayan waccan cigiya muka canza salon darasinmu na ranar Laraba. Mukan shigo aji da takardu na gaske, bayan mun shafe sunaye: katin ɗaurin aure, rasit ɗin kanti, sanarwar da aka manna a ƙofar masallaci. Mu ce su nemo abin da ya ɓace. Mun rubuta tambayoyi biyar a saman allo ba ma goge su: wa, me, ina, yaushe, nawa. Wani lokaci mu yi wasan tangaraho, kowace kalma naira goma, kowa kuma naira ɗari ke aljihunsa. Abin da ya fi amfani shi ne musayar takarda: ka rubuta kwatancen gidanku, wanda bai taɓa zuwa ba ya zana hanyar a allo yana bin abin da ka rubuta kawai, kai kuma an hana ka buɗe baki. Nan ake shan dariya, nan kuma yaro ke gane cewa mai karatu ba ya cikin kansa. Mun kuma daina hana su gaisuwa gaba ɗaya kamar yadda muka so yi da farko, domin takardar Bahaushe da babu sallama cin fuska ce. Layi ɗaya muka ba ta, sauran na magana ne.

Ga 'yan'uwa masu sha'awar fara rubutu, muna ganin wannan ya shafe ku fiye da yadda kuke zato. Sau da yawa akan kawo mana rubutun littafi mu duba, mu tarar da shafi biyar ba a san wa ke magana ba, ba a san ko a Kano ake ko a Kaduna ba, jarumar da aka ce marainiya ce a babi na biyu sai ga mahaifinta a babi na tara. Ciwon ɗaya ne da na mai cigiyar da ta manta inda za a kai yaro. Malam Abubakar Imam da muke koyi da shi shekaru ya yi yana tace wasiƙun jama'a da labaran jarida, yana auna abin da zai shiga shafi da abin da ba zai shiga ba. Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce a ware ko da rabin sa'a a taron wata-wata domin irin wannan rubutu, a kuma tura mambobi makarantun da ke kusa da su. Mu a namu ajin, makon jiya muka sake ba da cigiyar nan. Yarinyar da ta manta inda za a kai yaro ta kawo tata cikin kalma 31, da sunan kasuwa da rana da gidan mai unguwa, sai dai wannan karon ta manta sunan yaron.